Kwangilar Gyara da Adana Jiragen Ruwan Yaƙi: Inda Ta Shafi Kaduna

Gabatarwa

Jihar Kaduna ba ta da gaɓar teku, kuma kogin da ya raba babban birninta gida biyu ba ya ɗaukar abin da ya wuce kwalekwalen masunta da na masu ɗibar yashi. Don haka mazaunin Kakuri ko Makera ko Barnawa yana iya tambayar abin da ya haɗa shi da gyaran jiragen ruwan yaƙi. Alaƙar tana nan, ko da yake ba a cika lura da ita ba. Da yawa daga cikin hafsoshin da ke jagorantar waɗannan jirage a Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna suka fara sanya kaki. Makarantar da Rundunar Sojan Ruwa ke koyar da fasahar makamai tana garin Kachia. Masana'antar ƙera makamai ta Gwamnatin Tarayya, wato DICON, tana Kakuri. Sannan kuɗin da ake sayen jirgi da shi, da wanda ake gyara shi da shi, daga baitulmalin tarayya suke fitowa, wanda ɗan Kaduna ke da haƙƙi a cikinsa daidai da ɗan Legas ko Kalaba.

Wannan bayani ya ƙunshi abin da ke lalata jirgin ruwa, da yadda ake ba da kwangilar gyaransa, da kuma irin ƙofar da ke buɗe ga kamfanoni da masu sana'a na tsallaken kogin Kaduna.

Wa ke da alhakin aikin

Tsarin Mulkin 1999 ya sanya al'amuran tsaro da na rundunonin soja cikin jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Gwamnatin jiha ba ta sayen jirgin yaƙi, ba ta kuma ba da kwangilar gyaransa. Dokar ba da kwangila ta Jihar Kaduna ta shekarar 2016, da hukumar KADPPA da ke kula da ita, ayyukan jiha kawai suka shafa.

An kafa Rundunar Sojan Ruwan Nijeriya a shekarar 1956, kuma ita ke tsaron gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, tare da ruwan da ƙasa ke da ikon cin arzikinsa har zuwa mil 200 na teku daga gaɓa. Rundunar tana da manyan wuraren gyara guda biyu mallakinta: Naval Dockyard da ke Wilmot Point a tsibirin Victoria, Legas, da Naval Shipyard da ke Fatakwal. Aikin da ya fi ƙarfinsu, ko wanda ke buƙatar hannun kamfanin da ya ƙera injin ko makamin tun asali, shi ake bayarwa kwangila ga kamfanonin cikin gida ko na waje.

Abin da ke cin jirgi

Babban abokin gaban jirgin ruwa shi ne ruwan da yake zaune a ciki. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma ƙarfen da ya haɗu da ruwan gishiri da iska sai ya yi tsatsa. A ruwa mai ɗumi irin na mashigin tekun Gini, inda iska ke ɗauke da raɓa da gishiri duk shekara, lalacewar ta fi sauri. Wanda ya taɓa sayen motar da ta daɗe a Legas, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga kaɗan daga cikin abin da ake nufi. Bambancin shi ne mota tana kwana a tudu, jirgi kuwa ba ya fita daga ruwa dare da rana.

Akwai wata hanyar lalacewa da ido ba ya saurin gani. Gangar jikin jirgi ta baƙin ƙarfe ce, farfelarsa kuwa galibi ta tagulla ce. Idan ƙarafa iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri, sai su zama tamkar batir, wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana tsakaninsu, ɗayan yana zaizayewa domin ɗayan. A nan baƙin ƙarfen ne ke zaizayewa. Maganin da aka samo shi ne a manna dunƙulen tutiya ko alminiyam a jikin jirgin, musamman kusa da farfela, domin lalacewar ta koma kansu. Su ne ke cinyewa a madadin jirgin, shi ya sa dole a canja su kafin su ƙare. Manyan jirage suna ƙarawa da wata na'ura mai tura ƙaramar wuta a jikin jirgin don yin wannan aiki. Dunƙulen tutiya ba shi da tsada idan aka kwatanta da faifan ƙarfen da yake karewa, amma idan aka yi sakaci da shi na 'yan shekaru, sai an yanke ƙarfe an yi sabuwar walda.

Sai kuma halittun ruwa. Gansakuka da wasu ƙananan halittu masu ɓawo kamar na dodon-koɗi suna maƙalewa a ƙasan jirgi su yi kauri, har su rage masa gudu, su ƙara masa shan mai, su toshe bututun da ke kai ruwan sanyaya inji. Jirgin da ke ɗaure a tasha ya fi wanda ke yawo tara su. Ana shafa wa ƙasan jirgi wani fenti na musamman da ke hana su zama. A da, ana amfani da wani mai sinadarin TBT, wanda ya yi aiki ƙwarai amma aka gano yana kashe halittun teku. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta amince da yarjejeniyar hana shi a shekarar 2001, yarjejeniyar ta fara aiki a 2008. Duk ɗan kwangilar fenti yana bukatar sanin wannan, domin ba kowane fentin ƙarfe ne ake shafa wa jirgi ba.

Matakan gyara

Matakin farko yana hannun sojojin da ke cikin jirgin: kankare tsatsa, shafa fenti, canjin mai da matata, duba janareta da famfuna, duk bisa jadawalin awoyin da inji ya yi yana aiki. Abin da ya fi ƙarfinsu sai ma'aikatar gyara ta sansani ta karɓa. Mataki na uku shi ne fitar da jirgin daga ruwa ɗungurungum. Ana shigar da shi wani babban kwarmi na kankare mai ƙofa, a rufe ƙofar, a zuƙe ruwan da famfo har jirgin ya zauna a kan katakai. A nan ne ake feshe jikinsa da tsakuwar ƙarfe ko yashi na musamman har tsohon fenti ya fita, a auna kaurin ƙarfen da na'ura, a yanke inda ya yi siriri a sa sabo, a duba farfela da sandar da ke juya ta, a canja tutiya, sannan a shafa fenti hawa-hawa. Dokokin jiragen kasuwanci sun wajabta duba ƙasan jirgi sau 2 cikin kowace shekara 5. Jiragen yaƙi ba sa ƙarƙashin wannan doka, kowace runduna da jadawalinta, amma ruwan gishiri bai san bambanci tsakaninsu ba.

Idan jirgi ya kai tsakiyar rayuwarsa akan yi masa babban garambawul, a sabunta injuna da na'urorin hango abokan gaba da makamai. Jirgin nan NNS Thunder da Nijeriya ta karɓa daga Amurka a shekarar 2011 ya fara aiki ne tun 1968 da sunan Chase a rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka. Abin da ya sa ya kai shekara 43 yana aiki kafin a miƙa shi har da irin wannan garambawul da aka yi wa ajinsu a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990.

Adanawa wani fanni ne daban. Jirgin da za a jingine na wani lokaci ba a ɗaure shi kawai a tafi. Ana toshe duk wata kafa, a sa na'urorin busar da iska a cikinsa, a shafe sassan inji da man kariya, a riƙa juya sandunansa lokaci-lokaci. Amurka ta ajiye babban jirginta New Jersey ta wannan hanya a shekarar 1969, ta dawo da shi aiki a 1982. Jirgin da aka jingine ba tare da wannan tanadi ba kuwa, yakan zama rumbun da ake cire wa sassa ana gyara 'yan'uwansa, daga nan kuma da wuya ya sake tashi.

Tarihin NNS Aradu

Rundunar Sojan Ruwa ta daɗe tana raɗa wa jiragenta sunaye daga harsunan ƙasa, kuma Hausa ta sami rabonta: akwai Dorina, da Damisa, da Karaduwa, da Kada, wanda aka ƙera a Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya iso Legas a 2022. Amma babu wanda ya kai Aradu suna. Kamfanin Blohm + Voss na birnin Hambag a Jamus ne ya ƙera shi, aka ƙaddamar da shi a watan Fabrairun 1982. Tsawonsa ya kai kimanin mita 125, nauyinsa ya haura tan 3,000. Yana da injunan dizal 2 na kamfanin MTU don tafiya ta yau da kullum, da wasu 2 na Rolls-Royce irin na jirgin sama don gudu, da babbar bindiga da makamai masu linzami ƙirar Italiya, da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu.

Mai karatu zai lura cewa jirgi ɗaya ne, amma kayan cikinsa daga ƙasashe dabam-dabam suke. Wannan ita ce matsalar da ke biyo bayan saye. Kowane ɓangare yana da kamfaninsa, da kayan gyaransa, da injiniyoyinsa, kuma duk da kuɗin waje ake biya. Ƙasar Ajantina, wadda ta sayi jirage 4 irin wannan ƙira, ta sha wahalar samun kayan gyaran injunan Ingila bayan yaƙin da ƙasashen biyu suka gwabza a 1982.

Aradu ya gamu da haɗurra a shekarar 1987, aka yi masa babban gyara a Wilmot Point daga 1991 zuwa 1994 da taimakon kamfanin da ya ƙera shi. A 2005 ya je Ingila ya halarci bikin cika shekara 200 da yaƙin teku na Trafalga, a 2007 kuma ya tsallaka tekun Atilantika zuwa Burazil. Bayan haka ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure. A watan Yunin 2023 rundunar ta rattaba hannu da kamfanin Dearsan na ƙasar Turkiyya a kan kwangilar yi masa garambawul. Wannan kamfani ne kuma aka bai wa aikin ƙera sababbin jiragen sintiri 2 masu tsawon mita 76 a shekarar 2021.

Abin da tarihin Aradu ya nuna shi ne, kuɗin riƙe jirgin yaƙi tsawon rayuwarsa yakan zarce kuɗin sayensa, kuma shi ne ɓangaren da aka fi saurin yankewa idan kasafi ya yi ƙaranci, domin ba a yin bikin ƙaddamar da canjin tutiya. Mutanen Kaduna ba baƙin wannan labari ba ne: matatar mai da aka buɗe a 1980 a kudancin gari ta sha tsayawa saboda jinkirin babban gyaran da ya kamata a riƙa yi mata a kan kari.

A ɗaya gefen, ma'aikatar Wilmot Point ta nuna abin da hannun gida zai iya. Ta ƙera NNS Andoni a 2012, da Karaduwa a 2016, da Oji a 2021, a 2024 kuma ta ƙulla yarjejeniyar gyara wa Jamhuriyar Benin jiragen sojan ruwanta 6.

Yadda ake ba da kwangilar

Tsarin da ake bi ya samo asali ne daga ofishin bin ƙa'idar kwangila da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta kafa a 2001, wanda ya kai ga Dokar Ba da Kwangilolin Gwamnati ta 2007 da hukumar BPP. Ƙa'idar dokar ita ce a tallata aiki a fili, a karɓi tayin kamfanoni a rufe, a buɗe a gaban jama'a, a bai wa wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Aikin da kuɗinsa ya wuce wani mizani sai hukumar BPP ta ba da takardar amincewa, mafi girma kuma sai ya je gaban Majalisar Zartarwa ta Tarayya.

Sashe na 15 na dokar, kamar yadda aka rubuta ta a 2007, ya keɓe kayayyaki da ayyuka na musamman da suka shafi tsaron ƙasa, saboda ba a tallata sirrin makami a jarida. Wannan keɓewa tana da hujja, amma ya kamata a riƙe ta a inda take. Gyaran na'urar harba makami mai linzami sirri ne. Sayen fenti, da wayar lantarki, da katifun sojoji, da ginin ɗakin ajiya ba sirri ba ne. Dokar Kuɗi ta 2020 ta yi wa dokar kwaskwarima, ta faɗaɗa jerin hukumomin da ta hau kansu, ta kuma ɗaga kuɗin kafin alƙalami da za a iya bai wa ɗan kwangilar gida daga kashi 15 zuwa kashi 30 cikin 100. Ba a sakin wannan kuɗi sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Akwai kuma lamunin kammala aiki, wanda dokar ta ce kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na darajar kwangilar. Idan gwamnati ta wuce kwana 60 ba ta biya takardar aikin da aka tantance ba, dokar ta ɗauke shi a matsayin jinkirin biya mai jawo ƙarin kuɗi.

Kwangilar gyaran jirgi ta bambanta da ta gina aji ko hanya a wuri ɗaya mai muhimmanci: ba a sanin girman ɓarnar sai an buɗe. Ana iya ƙiyasta cewa faifan ƙarfe 20 za a canja, bayan an feshe fenti a tarar sun ninka. Idan farashin a ƙayyade yake, ɗan kwangila zai yi asara ko ya rufe ɓarna da fenti. Idan aka bar farashin a buɗe, an buɗe ƙofar ƙarin kuɗi marar iyaka. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a yi cikakken bincike kafin talla, a ƙayyade farashin aikin da aka sani, sannan a amince tun farko a kan kuɗin kowane tan na ƙarfe da kowace awa ta aiki ga abin da zai ɓullo daga baya, kuma kada a taɓa shi sai injiniyan rundunar ya sa hannu. Haka nan, kwangila mai kyau takan faɗi wanda zai ɗauki nauyin canjin darajar naira, abin da waɗanda suka karɓi aiki kafin faɗuwar naira ta watan Yunin 2023 suka ji a jikinsu. Ba a biyan kuɗin ƙarshe sai an gwada jirgin a tasha, an kuma fita da shi teku, kuma akan riƙe wani kaso har wa'adin garanti ya cika.

Ƙofar da ke buɗe ga tsallaken kogi

Kakuri tsohuwar cibiyar masana'antu ce. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975. An kafa DICON da dokar majalisa a 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina masana'antar, wadda ke ƙera ƙananan bindigogi da harsasai. Rufe manyan masaƙu a shekarun 2002 da 2007 ya jefa dubban ma'aikata cikin rashin aiki, cikinsu har da ƙwararrun makanikai da masu walda da masu aikin lantarki, waɗanda wasunsu suka buɗe nasu wuraren aiki a Makera da Nasarawa da Kudenda.

A watan Nuwamban 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta maye gurbin tsohuwar, ta ba hukumar ikon kafa rassan kamfanoni, da haɗa gwiwa da 'yan kasuwa, da sa ido a kan masana'antun kayan tsaro. Kafin nan, umurnin shugaban ƙasa mai lamba 3 na 2017 da mai lamba 5 na 2018 sun umurci hukumomin tarayya su fifita kayan gida da injiniyoyin gida. Tashar kayan jiragen ruwa ta tudu da aka buɗe a Kakuri a watan Janairun 2018 ita ma an yi ta ne don haɗa Kaduna da tashoshin Legas.

Kada wani ya ɗauka cewa za a jawo jirgin yaƙi zuwa Kakuri. Abin da ke iya fitowa daga nan shi ne ƙananan sassa da ake sassaƙawa a inji ko a zuba a maƙera, da naɗin wayar motocin lantarki, da kaki da takalma da rigunan sulke, da harsasai, da kuma ma'aikata. Galibi ta hannun babban ɗan kwangila ake shiga, ba kai tsaye ba. Shingen da ya fi tare masu sana'armu ba rashin iya aiki ba ne, rashin takarda ne. Waldar jikin jirgi sai wanda aka jarraba aka ba shi shaida, ƙarfen da za a sa kuma sai mai takardar da ta nuna inda aka narka shi da ingancinsa, irin wadda hukumomin tantance jirage kamar Lloyd's Register da Bureau Veritas suka yarda da ita. Matashin da ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a fannin injiniyan inji ko lantarki, ya ƙara da wannan shaida, yana da kasuwa a Legas da Fatakwal da ma wajen ƙasa.

Kamfanin da ke son neman aikin tarayya yana bukatar rajista da hukumar yi wa kamfanoni rajista ta CAC, da takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3, da shaidar hukumar fansho ta PenCom, da ta asusun horar da ma'aikata na ITF, da ta asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP, tare da shaidar irin ayyukan da ya taɓa yi.

Gargaɗi da hanyar ƙorafi

Ana jan hankalin jama'a cewa babu wani jami'in gwamnatin jiha ko na ƙaramar hukuma da ke da ikon raba kwangilar sojan ruwa. Duk wanda ya zo da takarda mai tambarin runduna yana neman a biya shi kuɗin fom ko na buɗe fayil a asusunsa na kansa, a kai rahotonsa ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Tallar aikin da ba na sirri ba tana fitowa a manyan jaridun ƙasa da mujallar kwangiloli ta tarayya. Dokar 2007 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba tare da zaɓin tara ba ga mutumin da aka samu da laifin maguɗin kwangila, kamfani kuma a hana shi aikin gwamnati na aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 cikin 100 na darajar aikin.

Wanda ya nemi aiki yake ganin an zalunce shi, zai rubuta wa shugaban hukumar da ta tallata aikin cikin kwanakin aiki 15 daga ranar da ya san abin da ya faru, shi kuma ya ba da amsa a rubuce cikin kwanakin aiki 15. Idan bai gamsu ba, yana da kwanakin aiki 10 ya kai ƙara hukumar BPP, wadda za ta yanke hukunci cikin kwanakin aiki 21. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 30 da samun hukuncin, kuma kotun tana da reshe a nan Kaduna.